Juventus, Milan ko Inter: Wacce Za Ka Ɗauka a Ƙwallon Italiya?

Ɗan yayata ya tare ni bayan sallar isha'i da wata tambaya da na kwana biyu ina juya ta a raina. Shi tun yana firamare ɗan Arsenal ne, a Sifaniya kuma Barcelona yake bi. Amma tun da Victor Osimhen ya ɗauko wa Napoli gasa a 2023, Ademola Lookman na Atalanta ta Italiya kuma ya zura wa Bayer Leverkusen uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2024, gidan kallon unguwarsu ya koma saka wasannin Italiya a kai a kai. Sai ya tsinci kansa yana zaune yana kallo ba shi da wadda zai yi wa ihu. Ya ce, "Kawu, a cikin manyan nan uku, wacce zan ɗauka?"

Bari in faɗi inda na tsaya tun farko, kada wani ya ce na yi masa rufa-rufa. Ni ɗan Milan ne. Na zama ɗan Milan a 1996, ranar da George Weah ya tari ƙwallo a cikin da'irar gidansu bayan Verona ta bugo kwana, ya keta filin nan tun daga wannan raga har waccan, ya zura ta. Duk da haka amsar da na bai wa yaron ba Milan ba ce, kuma zan faɗi dalili.

A Italiya duk ƙungiyar da ta ci gasa tana manna wata 'yar garkuwa mai launin tutar ƙasar a ƙirjin jesinta a kaka mai zuwa, ita ce scudetto. In ka tara goma sai a ɗora maka tauraro ɗaya a saman tambarinka. Zuwa ƙarshen kakar 2024/25, Juventus na da 36, Inter 20, Milan 19. A kofin zakarun Turai kuwa sai layin ya juye: Milan 7, Inter 3, Juventus 2. Wanda ya ce zai yi zaɓi da ƙidayar kofuna kaɗai, a nan zai fara tuntuɓe, domin wadda ta fi kowa a gida ita ce ta ƙarshe a waje.

Juventus 'yan makarantar sakandare ne suka kafa ta a birnin Turin a 1897. Da farko jesinta ruwan hoda ce. Zanen baƙi da farin da duniya ta sani sun samo shi ne a 1903 daga ƙungiyar Notts County ta Ingila. Abin da ya mayar da ita giwa shi ne 1923, lokacin da gidan Agnelli, masu kamfanin motocin Fiat, suka karɓi ragamarta. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan tana hannun gida ɗaya, abin da babu irinsa a cikin manyan ƙungiyoyin Turai. Da ma'aikata suka riƙa kwarara daga kudancin Italiya zuwa masana'antun Turin a shekarun 1950 da 1960, sai suka rungumi ƙungiyar, ƙaunarta ta bi su ta koma ƙauyukansu. Shi ya sa ta fi kowace ƙungiya yawan magoya baya a ƙasar, ta kuma fi kowace yawan maƙiya. Suna yi mata kirari da Tsohuwar Uwargida.

Al'adarta cin gasa ce, ba ta san wani abu ba. Giampiero Boniperti, wanda ya yi mata wasa ya kuma shugabance ta, shi ne mai maganar nan da suke alfahari da ita, cewa nasara ba wai tana da muhimmanci ba ne, ita kaɗai ce abin lissafi. Ta ci gasa sau biyar a jere daga 1931 zuwa 1935. Ta ci sau tara a jere daga 2012 zuwa 2020. A kakar 2011/12 ƙarƙashin Antonio Conte ba a doke ta ko sau ɗaya ba a gasa, a 2013/14 kuma ta tara maki 102. Platini, Roberto Baggio, Zidane, Nedved, duk suna sanye da jesinta suka karɓi Ballon d'Or. A 2011 ta buɗe filin wasa nata na kanta mai ɗaukar mutum kusan 41,000, alhali abokan hamayyarta na Milan suna biyan kuɗin haya ga hukumar birni.

Sai dai Bahaushe ya ce giwa a garin wani zomo ce. Sau tara Juventus ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, sau bakwai ta dawo hannu rabbana: Ajax a 1973, Hamburg a 1983, Dortmund a 1997, Real Madrid a 1998, Milan a 2003, Barcelona a 2015, Real Madrid kuma a 2017. Cikin biyun da ta ci ma, na farkon babu mai tuna shi da farin ciki. A filin Heysel na Brussels ne a 1985, aka yi turmutsitsi kafin a take leda da Liverpool, mutum 39 suka mutu, akasarinsu magoya bayanta, aka kuma buga wasan duk da haka. Na 1996 ne kawai, da ta doke Ajax a bugun fenariti a birnin Rum, ya zo mata ba tare da hawaye ba. Ta sayo Cristiano Ronaldo a 2018 musamman saboda wannan kofi. Ya yi shekara uku bai kai ta ko wasan kusa da na ƙarshe ba.

Babban nauyin da mai son Juventus zai ɗauka a kansa shi ne 2006. A shekarar ne aka bankaɗo hirarrakin wayar Luciano Moggi, babban manajanta, da masu rarraba alƙalan wasa, badaƙalar da ake kira Calciopoli. Aka ƙwace mata kofunan 2005 da 2006, aka jefa ta rukuni na biyu a karon farko a tarihinta. Har yau magoya bayanta 38 suke ƙirgawa, hukuma na ƙirga 36. In ka zama ɗan Juventus, ka sani duk ranar da aka ba ku fenariti sai wani a majalisa ya ce an saya. A 2023 kuma aka sake zabtare mata maki 10 kan yadda ta riƙa rubuta farashin 'yan wasa a littattafan kuɗinta, aka hana ta shiga gasar Turai kaka ɗaya.

Amma a cikin wannan ƙunci ne na ga abin da ya fi burge ni a tarihinta. Ibrahimović da Vieira suka tafi Inter, Cannavaro ya tafi Real Madrid, Thuram da Zambrotta suka tafi Barcelona. Del Piero da Buffon, waɗanda suka dawo daga Jamus da kofin duniya a hannu a wannan bazarar, suka ce ba inda za su. Su da Nedved da Trezeguet da Camoranesi suka sauka ƙananan filaye suka yi kaka guda suna fafatawa da 'yan dagaji har suka dawo da ita. Ban taɓa son Juventus ba, amma wannan amana ina girmama ta.

Milan da Inter kuwa ciki ɗaya suka fito. Turawan Ingila mazauna birnin ne suka kafa Milan a Disambar 1899, jagoransu a fili Herbert Kilpin mutumin Nottingham, shi ya sa har yau ake rubuta sunanta yadda Ingilishi ke kiran birnin. A ranar 9 ga Maris 1908 wasu 'yan ƙungiyar suka ɓalle saboda saɓani kan ɗaukar 'yan wasa baƙi, suka kafa tasu, suka raɗa mata Internazionale, wato ta kowa da kowa, ba ruwanta da ƙasar da ka fito. A da can ana cewa Milan ta leburori ce, Inter ta masu hannu da shuni. Yau wannan bambanci ya dushe. Filin San Siro shugaban Milan Piero Pirelli ne ya gina shi a 1926, Inter ta shigo a 1947, daga baya aka sa masa sunan Giuseppe Meazza, gwarzon da ya fi yin suna a Inter.

Tarihin Milan kamar damina da rani yake, kuma raninta yana da tsawo. Bayan gasar 1907 sai da ta yi shekara 44 ba ta sake ci ba, har 1951 da 'yan Suwidin uku, Gren da Nordahl da Liedholm, suka farfaɗo da ita. Ita ce ƙungiyar Italiya ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai, a Wembley a 1963, ta doke Benfica 2-1, kyaftin ɗinta Cesare Maldini. Shekara arba'in bayan haka, a 2003, ɗansa Paolo ya ɗaga kofin nan a matsayin kyaftin, shi ma a ƙasar Ingila, a Manchester. Paolo ya buga mata wasa 902, bai taɓa saka jesin wata ƙungiya ba, ya ci kofin Turai biyar.

Ita ma ta faɗi, har sau biyu. A 1980 aka kore ta zuwa rukuni na biyu saboda badaƙalar cacar wasanni, a 1982 kuma ta sake faɗawa, wannan karon ƙafarta ce ta kai ta. A badaƙalar 2006 ma an zabtare mata maki. Ina faɗin wannan ne saboda 'yan Milan muna da saurin nuna Juventus da yatsa, alhali laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar shi ne zamanin da ya sa yawancin tsararrakina suka zama 'yan Milan. Silvio Berlusconi ya saye ta a 1986 tana dab da durƙushewa, ya ɗauko Arrigo Sacchi, kocin da bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba. A ƙasar da aka saba da kulle gida a jira kuskuren abokin karawa, Sacchi ya tura 'yan bayansa gaba, ya matse fili, kowa na kai hari kowa na tsaro. Da Gullit da Van Basten da Rijkaard daga Holan, da katangar Baresi da Maldini da Costacurta da Tassotti, suka ci Turai a 1989 da 1990. Fabio Capello ya gaje shi, suka yi wasa 58 a jere a gasa ba a doke su ba, sannan a 1994 suka lallasa Barcelona ta Johan Cruyff 4-0 a wasan ƙarshe, ba Baresi ba Costacurta. Daren Istanbul na 2005, da muka tafi hutun rabin lokaci muna cin Liverpool 3-0 aka kuma ƙwace kofin, har yau yana yi mini ciwo. Shekara biyu bayan nan Inzaghi ya zura musu biyu a Athens muka rama.

To amma wanda zai ɗauki Milan yau ya kamata ya dubi abin da ke ƙasa. Tun 2007 ba ta sake kai wasan ƙarshe a Turai ba. Daga 2014 zuwa 2021 ko shiga kofin zakarun ba ta yi ba. Berlusconi ya sayar a 2017, mai sayen ya kasa biyan bashi, kamfanin Elliott na Amurka ya karɓe, shi ma ya miƙa wa RedBird a 2022. Gasar 2022 da koci Pioli ya ci da Leão da Kessié da Bennacer ta yi daɗi ƙwarai, amma a 2024/25 ta ƙare a ta takwas, Bologna kuma ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin Italiya. Mu da muka ga zamanin Maldini muna da abin tunawa da ke riƙe mu. Yaro ɗan shekara sha takwas ba shi da wannan guzuri.

Inter tana da abu ɗaya da babu wadda za ta yi mata gori a kai. Tun da aka fara Serie A, babbar gasar Italiya, a tsarinta na yanzu a 1929, ita kaɗai ce ba ta taɓa rasa kaka ɗaya ba. Gwamnatin Mussolini ta tilasta mata sauya suna zuwa Ambrosiana saboda sunanta bai yi wa masu mulki daɗi ba, bayan yaƙin duniya na biyu ta koma sunanta. A shekarun 1960, da kuɗin Angelo Moratti da dabarar Helenio Herrera, ta ci Turai sau biyu a jere, Real Madrid a 1964, Benfica a 1965, da salon tsare gida da kai farmakin ba-zata.

Su kansu magoya bayanta mahaukaciya suke ce mata, cikin ƙauna, domin ba a taɓa sanin da wace fuska za ta fito ba. A 1994 ta ci kofin UEFA, a gida kuma maki ɗaya ne ya raba ta da faɗawa rukuni na biyu. Massimo Moratti, ɗan Angelo, ya saye ta a 1995 ya zuba dukiya ba ƙaƙƙautawa, ya kawo Ronaldo na Brazil, ya kawo Vieri, amma gasa ta ƙi zuwa. Ranar 5 ga Mayu 2002 ta shiga wasan ƙarshe na kaka tana kan teburi, Lazio ta ci ta 4-2, kofi ya tafi Turin, aka ga Ronaldo a benci yana kuka. Daga 1989 ba ta sake ganin scudetto ba sai 2006, shi ma a ofis aka miƙa mata bayan an hukunta Juventus da Milan, ita da ta ƙare a ta uku. A 2011 mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya ya ce an samu kiraye-kirayen waya daga ɓangarenta ita ma, sai dai wa'adin hukunci ya wuce. Don haka tsarkin da 'yan Inter ke iƙirari yana da ɗan tabo, ko da yake ba a taɓa hukunta ta ba.

Sai 2010. José Mourinho ya haɗa mata gasa da kofin Italiya da kofin zakarun Turai a kaka ɗaya, abin da babu wata ƙungiyar Italiya da ta taɓa yi, kafin nan ko bayan nan. A Camp Nou, gidan Barcelona, a wasan kusa da na ƙarshe, da aka bai wa Thiago Motta jan kati, Samuel Eto'o ya koma baya yana tare kamar lamba uku har aka tashi. A wasan ƙarshe a Madrid, Diego Milito ya zura wa Bayern biyu, kuma cikin sha ɗayan da suka fara babu ɗan Italiya ko ɗaya. Waɗanda suka ɓalle a 1908 kan batun baƙi, da sun ga wannan dare da sun ce ba su yi aikin banza ba.

A nan ne mu 'yan Afirka muke da ta cewa. Milan tana da Weah, wanda har yau shi kaɗai ne ɗan Afirkan da ya karɓi Ballon d'Or, a 1995, kuma a 2023 ta ɗauki Samuel Chukwueze. Juventus ta ɗauki Sunday Oliseh a 1999 bai daɗe ba, Kwadwo Asamoah na Ghana ne ya zauna ya ci gasa shida da ita. Amma Inter ta fi su nisa. Ta sayi Nwankwo Kanu a 1996 bayan zinaren da Najeriya ta ci a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocinta suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka, ƙungiyar ba ta yar da shi ba har ya dawo fili, daga nan ya wuce Arsenal a 1999. Taribo West yana cikin waɗanda suka doke Lazio 3-0 a wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1998. Obafemi Martins a can ya tashi, ya kuma zura wa Arsenal ƙwallo a Highbury a 2003 ya yi alkafurarsa. Eto'o da Sulley Muntari suna cikin 'yan 2010, André Onana shi ne golanta a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2023.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Wariyar launin fata cuta ce a filayen Italiya, kuma babu wadda hannunta ya fita tas. Wasu magoya bayan Juventus sun yi wa Balotelli ihun cin mutunci a 2009, sun yi wa Lukaku a 2023. Wasu na Inter sun yi wa Kalidou Koulibaly a San Siro a 2018. Abin da zan iya faɗa wa Milan shi ne a 2013 da aka ci zarafin Kevin-Prince Boateng a wasan sada zumunta, duka 'yan wasanta suka bi shi suka fice daga fili. Wannan abu yana taɓa ni duk lokacin da na zauna kallon gasar, kuma wanda zai shigo ya shigo da saninsa.

Yaron ya katse ni a nan ya ce, "To Kawu, Napoli fa?" Na ce masa ai cewa ka yi manya uku. Napoli labari ne na daban: kudu mai talauci da ke ja da arewa mai masana'antu, Maradona da gasannin 1987 da 1990, karyewar 2004 da ta kai ta rukuni na uku, sai Osimhen da ƙwallo 26 a 2023, ɗan Afirka na farko da ya fi kowa zura ƙwallo a Serie A, sannan gasar 2025. In zuciyarka can ta karkata, ka bi ta. Sai dai ka tambayi kanka ko ƙungiyar kake so ko Osimhen, tunda shi ya riga ya koma Galatasaray.

Cikin ukun, ga yadda na yanke masa. In abin da kake so shi ne ka riƙa riƙe baki a majalisa da yawan kofunan gida, kana kuma da fatar jure gorin 2006 har abada, ka ɗauki Juventus, amma ka sani rabonta da gasa tun 2020. In tarihin dararen Turai ne ke motsa ka, za ka kuma iya haƙurin jira, ƙofar Milan a buɗe take, zan yi murna in same ka a gefena. Amma da ni ne kai, mai shekarunka, ɗan Najeriya, wanda bai ga Van Basten ba, Inter zan ɗauka. Ba ta taɓa faɗuwa ba, 'yan'uwanmu sun ci abinci sun bar suna a cikinta, kuma ƙarfinta ba a tsohon labari kaɗai yake ba: ta ci gasa a 2021, ta ɗinka tauraro na biyu a 2024, a wasan hamayya da mu ma ta tabbatar da shi. Za ta kuma koya maka baƙin ciki, kamar yadda ta yi a 2025, da Napoli ta sha gabanta da maki ɗaya, bayan kwana takwas kuma PSG ta zuba mata biyar ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Munich.

Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko da gaske ne Kanu ya fara zuwa Inter kafin Arsenal. Na ce masa ƙwarai. Ya ce zai bari sai ranar da Milan da Inter za su haɗu, ya kalli wasan tun daga farko har ƙarshe kafin ya sayi jesi. Na ce ya zo ya ɗauke ni mu tafi gidan kallon tare.